Zaɓen Na'urar Rarraba Intanet Ta Gida: Jagora Ga Magidanta

GABATARWA

An shirya wannan ɗan littafi ne domin wayar da kan jama'a game da wata na'ura wadda ta fara zama kayan gida a birni da ƙauye, watau na'urar rarraba intanet, wadda 'yan kasuwa suke kira rauta. Tun daga shekarar 2001 da wayar salula ta fara aiki a Nijeriya, harkokin ciniki da na ilmi suke ta komawa kan intanet. Daga shekarar 2015 kuwa jarrabawar shiga jami'a ta JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya. Saboda haka a yau akan sami kwamfutar tebur, da ta tafi-da-gidanka, da wayoyi iri iri a cikin gida guda, kowace tana neman intanet.

Magidanta da yawa suna ɓarnar kuɗi wajen saya wa kowa data dabam. Waɗansu kuma sun sayi rauta mai tsada, ta ƙi aiki a unguwarsu, ta zama kayan ado. An ɗauko misalan da ke cikin wannan littafi daga Kafanchan da kudancin Jihar Kaduna, domin yanki ne da ya haɗa gari da ƙauye da duwatsu da ruwan sama mai yawa. Amma darasin ya shafi kowane ɗan ƙasa.

MENE NE AIKIN RAUTA?

Garin Kafanchan ya bunƙasa ne saboda mahaɗar jirgin ƙasa. Tun cikin shekarar 1927 hanyar dogo da ta taso daga Fatakwal take rabuwa a can, reshe guda ya nufi Kaduna, guda ya nufi Jos. Aikin rauta ya yi kama da na wannan mahaɗa. Intanet yana shigowa gida ta hanya ɗaya, ita kuwa rauta sai ta ba kowace kwamfuta da kowace waya lambarta, sa'an nan ta riƙa kai wa kowace saƙon da ta nema ba tare da ya ɓace ba.

Abubuwa biyu ne suka kamata a fahimta daga nan. Na farko, duk kwamfutocin duniya ƙa'ida ɗaya suke bi wajen magana da juna ta intanet. Ko kwamfuta mai Windows ce, ko ta Apple, ko mai Linux, ko waya mai Android, rauta guda ta ishe su duka. Duk ɗan kasuwar da ya ce wata kwamfuta tana bukatar rauta tata ta musamman, neman ciniki kawai yake yi. Na biyu, rauta ba ta ƙirƙirar intanet, rarraba shi take yi, kamar yadda mahaɗa ba ta kawo jirgin da bai taso ba. Idan abin da ya shigo gidan kaɗan ne, kaɗan ɗin za ta raba, komai tsadarta.

MATAKI NA FARKO: TA INA INTANET ZAI SHIGO?

Wannan ita ce tambayar da za a fara amsawa kafin a taɓa aljihu. Hanyoyi uku ne sanannu. Akwai layin waya, watau katin sim na kamfanoni irin su MTN da Airtel da Glo. Akwai igiyar faiba wadda kamfani yake jawowa har cikin gida, amma ta fi samuwa a manyan birane, kuma galibi kamfanin ne yake kawo rautar da kansa. Akwai kuma tauraron ɗan adam, kamar na Starlink wanda ya fara aiki a Nijeriya a farkon shekarar 2023. Wannan yana kai wa ƙauyukan da babu turken sabis, sai dai kuɗinsa ya fi dacewa da makaranta ko asibiti ko ƙungiyar manoma.

Ga yawancin gidaje a Kafanchan da Kagoro da Zonkwa da Kwoi da Kachia, layin waya shi ne hanya mafi sauƙi. To, amma ƙarfin sabis ya bambanta daga unguwa zuwa unguwa, musamman a gindin duwatsu irin na Kagoro, inda dutse yake iya tare saƙon da ke fitowa daga turke. Saboda haka ya kamata mai gida ya ari wayoyi masu layuka dabam dabam, ya gwada su a cikin ɗakin da za a ajiye rautar, da safe da kuma bayan magariba sa'ad da jama'a suka yi yawa a kan layi. Layin da ya yi nasara a wannan gwaji shi ne zai nuna irin rautar da za a saya.

Rautar da kamfanin waya yake sayarwa takan zo a kulle, ba ta karɓar sim ɗin wani kamfani. Tana da araha, amma in sabis ɗin kamfanin ya lalace a unguwar, ta tashi aiki. Buɗaɗɗiyar rauta ta fi tsada, amma tana karɓar kowane layi, muddin tana kama zangon da kamfanin yake watsa saƙonsa a kai. Har ila yau, ko da yake an fara sabis na 5G a ƙasar nan a shekarar 2022, sayen rautar 5G a inda sabis ɗin bai kai ba hasarar kuɗi ce. Rautar 4G mai kyau ta wadatar. A tuna kuma cewa sim ɗin rauta, kamar kowane layi, tilas ne a yi masa rajista a haɗa shi da lambar ɗan ƙasa ta NIN.

MATAKI NA BIYU: WUTAR LANTARKI

Kafanchan tana da tarihi a wannan fanni. Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a shekarar 1996, ta buɗe wani tsarin rarraba intanet mai suna Zittnet tun kafin sabis mai sauri ya iso yankin. Tana karɓo intanet daga tauraron ɗan adam, ta watsa shi ta iska daga wata doguwar hasumiya zuwa ofisoshi da makarantu na kewaye. Saboda rashin tsayayyar wuta, sai da aka haɗa tsarin da hasken rana da batura. A shekarar 2008 kuma guguwar damina ta kayar da hasumiyar. Abin da ya faru ga wannan babban aiki yana koya wa ƙaramin gida cewa wuta da yanayi su ne abokan gaban na'urar sadarwa.

Yawancin rautocin gida suna aiki da wuta mai ƙarfin bolt 12, kuma ba su cin fiye da abin da ƙaramin ƙwan lantarki yake ci. Ƙaramin batir na ajiyar wuta, ko faranti guda na sola, yana iya riƙe rauta sa'o'i da yawa bayan an ɗauke wuta. Akwai kuma 'yar ƙaramar rautar aljihu, wadda ake kira maifai, mai batir a cikinta. Tana da amfani ga matafiyi da ɗalibi, amma ba ta ɗaukar na'urori da yawa, kuma saƙonta ba ya nisa. Idan hadari ya haɗu ana walƙiya, a zare rauta daga bango. Haka kuma in an dawo da wuta, a ɗan jira ta daidaita kafin a mayar.

MATAKI NA UKU: NA'URORIN DA KE CIKIN GIDA

Mai gida ya ƙidaya duk abin da zai hau intanet, sa'an nan ya duba yadda kowanne yake haɗuwa. Wayoyi da kwamfutocin tafi-da-gidanka suna kamawa ta iska, watau ta waifai. Tsofaffin kwamfutocin tebur da yawa ba su da waifai. Irin waɗannan suna bukatar igiyar haɗi, saboda haka a zaɓi rauta mai ramukan igiya a bayanta. Igiyar tana aiki har tsawon mita 100, kuma ta fi iska tabbas. In jan igiya ba zai yiwu ba, akwai 'yar na'ura mai araha da ake soka wa kwamfutar a ramin USB ta kama waifai.

Galibi waifai yana tafiya a kan zango biyu, 2.4 da 5. Zangon 2.4 ya fi ratsa bango da kai wa nesa, kuma tsofaffin na'urori shi kaɗai suke gani. Zangon 5 ya fi sauri, amma ba ya nisa. Gidan da ya haɗa tsofaffin kwamfutoci da sababbi ya nemi rauta mai zango biyu.

INDA ZA A AJIYE TA

Katanga mai kauri, ta bulo ko ta ƙasa, da kwanon rufi, da ƙofar ƙarfe, duk suna rage ƙarfin saƙo. A ɗora rauta a wuri mai tsayi, kusa da tagar da ke fuskantar turken sabis, ba a ƙasa ko cikin kabad ba, kuma a kare ta daga rana da feshin ruwa. A babban gida mai sassa da yawa, gara a ja igiya zuwa sashe na biyu a sa wata rautar a can. Inda sabis yake da rauni ƙwarai, a nemi rauta mai wurin ɗaura eriya ta waje.

TSARON GIDA DA NA ALJIHU

Kowace rauta tana zuwa da suna da kalmar sirri daga masana'anta, waɗanda aka rubuta a jikinta. Lalle ne a sake su tun ranar farko, da na shiga waifai da na shiga saitin rautar kanta. A zaɓi kalma doguwa wadda ta haɗa haruffa da lambobi, kada ta zama lambar waya ko sunan ɗa. A tabbata rautar tana da makullin tsaro na WPA2, ko WPA3 wanda ya fito a shekarar 2018. Rautar da aka bari a buɗe, maƙwabta za su shanye datar gidan, kuma mugu yana iya yin zamba da layin da aka yi wa rajista da sunan mai gida.

Kwamfuta ta fi waya cin data, domin takan sauko da gyare-gyarenta da kanta ba tare da an sani ba. A saita ta yadda za ta nemi izini tukuna. Rautoci da yawa kuma suna ba iyaye damar ƙayyade lokacin da wayoyin yara za su hau intanet.

A WURIN SAYE

Doka ta ɗora wa Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, watau NCC, alhakin gwada kayan sadarwa da amincewa da su kafin a sayar a ƙasar nan. Mai saye ya tambayi ɗan kasuwa ko rautar tana cikin waɗanda hukumar ta amince da su. Ya sa nasa sim ɗin a gwada a gabansa, ya karɓi rasiɗi, ya kuma yi yarjejeniyar mayarwa in ta ƙi aiki a gida. Wanda kamfanin waya ya cuta, ya fara kai ƙara wurin kamfanin. In bai sami biyan bukata ba, ya kira lambar NCC ta kyauta, 622.

KAMMALAWA

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Magidancin da ya fara gwada sabis a ɗakinsa, ya tanadi wuta, ya ƙidaya na'urorinsa, sa'an nan ya nufi kasuwa, zai sayi rauta sau ɗaya ta amfani dukan iyalinsa. Ana roƙon malamai da shugabannin al'umma da limaman masallatai da na majami'u su karanta wa jama'arsu wannan bayani, domin amfanin kowa da kowa.