Daga Mahuta Zuwa Urushalima: Abubuwan Mamaki a Taƙaice

A Mahuta da ƙauyukan da ke kewaye da ita, daga Kafur zuwa Malumfashi har Funtua, yaron da ya tashi a majami'a ya san sunan Baitalami da Yariko da Kogin Urdun tun kafin ya san hanyar Kano. Amma gani ya kori ji. Abokai da 'yan zumunta da suka haɗa kai suka tafi ziyarar ibada, wasu a kujerar gwamnati, wasu da kuɗin masararsu, sukan dawo da labaran da ba a cika ji daga bakin mai wa'azi ba. Ga kaɗan daga ciki.

A fara da babba. Majami'ar Kabari Mai Tsarki, inda mafi yawan Kiristocin duniya suka yarda nan aka gicciye Yesu kuma aka binne shi, mabuɗinta yana hannun Musulmi. Gidan Judeh ne ke ajiye shi, gidan Nusaiba kuma ke buɗe ƙofa da asuba su rufe da dare, ɗa yana gadon uba tun zamanin Salahuddin, wanda ya karɓi birnin a 1187. Ɗariƙu shida ne ke da haƙƙi a ginin: Girkawa 'yan Otodoks, Katolika, Armeniyawa, Kibɗawan Masar, Habashawa da Siriyawa, kuma babu wadda za ta yarda mabuɗin ya kwana a hannun ɗaya.

Kafin ka shiga, ɗaga kai. Ƙarƙashin wata taga a saman ƙofar akwai ɗan tsanin katako da ya fito a wani zane tun na 1728, yana nan inda yake. Dokar Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkawa ta 1757, wadda aka sake jaddadawa a 1852, ta hana a gusar da komai a wuraren tarayya sai da yardar kowa. Tsananin dokar ya kai ga cewa a 2002 wani limamin Kibɗawa da ke zaune a kan rufin ginin ya matsar da kujerarsa zuwa inuwa, Habashawa suka ga an shiga musu iyaka, aka kaure, mutum 11 suka kwana a asibiti. Wannan kam abin baƙin ciki ne ga duk mai bi, a ce a kan kabarin Mai Ceto ake wannan.

Daura da farfajiyar akwai Masallacin Umar. Ruwaya ta ce da Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya shigo birnin, shugaban Kiristoci Sofroniyus ya yi masa tayin ya yi salla a cikin majami'ar, shi kuwa ya ƙi, don kada na baya su kafa hujja da shi su ƙwace wurin. Ya fita waje ya yi sallarsa. A ƙasarmu, inda ake samun gida ɗaya wa na zuwa masallaci ƙane na zuwa coci, gona kuma ɗaya suke nomawa, ina ganin wannan labari ya cancanci a riƙa ba yara shi, na nan da na can.

Hanyar da ake bi da gicciye, mai tashoshi 14, ba ta wuce mita 600 ba, kuma ta tsakiyar kasuwar unguwar Musulmi ta ratsa. Kana addu'a, mai shago yana yi maka tallar dabino. Tasha ta farko ma a harabar wata makarantar yara take, mai suna Umariyya.

Akwai kuma jininmu a can. Gab da ɗaya daga ƙofofin Masallacin Ƙudus akwai 'yar unguwar baƙaƙen fata, jikokin mahajjatan da suka taso daga Nijeriya da Chadi da Sudan da Senegal, suka sauke farali a Makka, suka zarce Ƙudus, wato Urushalima, zama ya kama su. Cikinsu akwai masu asalin Hausa da Fulani da Barebari. Gidajen da suke ciki masaukin baƙi ne na ƙarni na 13, waɗanda Turkawa suka taɓa mayarwa kurkuku.

Baitalami kusa take, kimanin kilomita 10. Ƙofar Majami'ar Haihuwa tsayinta bai fi mita 1.2 ba, an rage ta ne don kada a riƙa shiga da dawakai. Bishop ne kai ko ɗan kwaya, sai ka sunkuya. A cikin kogon ƙasa, tauraron azurfa mai tsini 14 ne ke nuna wurin haihuwar. Ana cewa da Farisawa suka kawo yaƙi a 614 suna rushe majami'u, wannan suka ƙyale, domin sun ga hoton masanan nan na gabas a bango sanye da irin tufafinsu. Sau uku ake Kirsimeti a garin: 25 ga Disamba, 7 ga Janairu, sai Armeniyawa su rufe a 19 ga Janairu.

Daga Urushalima zuwa Yariko tafiyar kilomita 30 ce ko ƙasa da haka, amma za ka gangara kusan mita 1,000, har kunne ya toshe. A nan mutum ke gane dalilin da ya sa aka ce matafiyin nan na misalin Basamariye gangarawa yake yi. Itacen da ake nuna wa baƙi a garin don tunawa da Zakka mai karɓar haraji, ɓaure ne, irin wanda ke gefen gonakinmu.

Gaba kaɗan Tekun Gishiri, mafi ƙasan wuri a doron duniya, fiye da mita 430 ƙasa da fuskar teku. Gishirinsa ya ninka na teku kusan sau goma, shi ya sa ko wanda bai taɓa iyo ba sai ya kwanta a kai ruwa ya ɗauke shi. A kiyaye ido.

Kogin Urdun kuwa, inda ake cewa Yahaya ya yi wa Yesu baftisma, shi ya fi ba mutanenmu mamaki. Mun saba jin sa a waƙoƙin sujada kamar wani gagarumin ruwa, sai ga shi 'yan mitoci kaɗan, ja da laka kamar rafin ƙauye a tsakiyar damina. An tare yawancin ruwansa daga sama don sha da noman rani. Iyakar ƙasa ce kuma: masu ziyara ta ɓangaren Jodan suna iya gaisawa da na ɗaya gaɓar ba tare da ɗaga murya ba. Duk da haka za ka ga dattijo ya shiga ruwan nan da farar riga yana hawaye.

Tekun Galili ma tafki ne na ruwan daɗi, tsawonsa kilomita 21. Abin da ake soya wa baƙi da sunan kifin Bitrus, karfasa ce. A 1986 fari ya janye ruwan, wasu 'yan'uwa biyu masunta suka tsinci kwalekwale mai tsawon mita 8 a cikin laka, na zamanin su Bitrus ɗin.

A Gatsamani akwai tsofaffin itatuwan zaitun takwas. Binciken da aka bayyana a 2012 ya nuna uku daga ciki sun kai kimanin shekara 900, kuma duka takwas ɗin daga uwa ɗaya aka yanko su. Har yau suna 'ya'ya.

Wanda ya dawo yakan ƙara JP a bayan sunansa, alamar ya taka Urushalima. Dokar 2007 ce ta kafa hukumar tarayya mai kula da ziyarar ibadar Kiristoci, wadda a 2021 ta fara kai mutane Jodan, inda daga kan Dutsen Nebo ake hangen ƙasar da Musa ya hanga bai shiga ba.

Wanda kuɗinsa bai kai na jirgi ba, ya tara abokai su shiga motar Zariya daga Funtua su sauka Wusasa. Majami'ar Bartalamawas tana can tun 1929, ginin ƙasa irin na maginan Hausa, a garin Dakta Miller, ɗaya daga waɗanda suka yi aikin Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. Har yanzu ana sujada a cikinta.