Hazon Shagari da Awon Hasken Taurari

Duk wanda ya bi hanyar Boɗinga zuwa Shagari da yammacin hunturu ya ga yadda rana ke komawa jawur kamar garwashi. Ƙura ce ke tare shuɗin haske, jan ya kutsa ya iso idonmu.

To, gungun taurari irin su Andiromida, da haskenta ke shafe shekara miliyan 2.5 kafin ya iso mu, su ma cike suke da ƙura. Ka auna su da hasken da ido ke gani, ƙurar ta cuce ka: inda taurari suka yi dafifi sai ya fito duhu. Shi ya sa masana ke awo da hasken da ke gaba da ja, wanda ido ba ya kamawa. Na danna rimot gaban kyamarar wayata, wallahi sai ga ɗigonsa yana ƙyaftawa.

Daga 1997 zuwa 2001, shirin 2MASS ya ɗauki kusan duka sararin sama da irin wannan haske, daga Arizona da Cile. Ana auna kowane gungu zobe-zobe, daga tsakiya zuwa gefe. Tsofaffin taurari, masu rinjayen nauyi, a wannan haske suka fi fitowa, don haka awon ke nuna inda nauyin taurarin ya taru.