Sandar da ke hana akori-kura kishingiɗa

Daga Icirnawa zuwa kasuwar Matameye, tsofaffin akori-kura ke ɗaukar hatsi, dabbobi da mutane, cikinsu har da Peugeot 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975. A ƙarƙashin gabanta akwai wata sandar ƙarfe mai lanƙwasa da ta haɗa ƙafar dama da ta hagu. In mota ta sha kwana, nauyi yakan rinjaya gefe guda. Sai sandar ta murɗe, ta rage kishingiɗar.

Da robobinta sun cinye, sai a fara jin ƙwanƙwasa bisa hanyar burji. Wasu direbobi cire ta suke yi don gudun kashe kuɗi. Mota kuwa sai ta riƙa tangaɗi, sitiyari ya yi jinkirin amsawa. Wadda ta cika kauri ma illa ce: a gaba takan sa mota zarce kwana, a baya takan sa gindin motar zamewa, musamman in ba kaya.

Sai dai sanda ba ta maganin lodin da ya yi tozo. Ɗan kasuwar da ya matsa a ƙara buhu, dukiyarsa da rayukan fasinja ya jingina.