Maɗaurin wuyan hannu ba ya koyar da jifa

A Sokode da Dapaong, kamar a Maradi da Yamai, wasan jifa da ƙwallo da jama'a suka sani shi ne fetank, wanda aka ƙirƙiro a garin La Ciotat na kudancin Faransa a farkon ƙarni na 20. Ya kafu a yankinmu har Kwatano ta karɓi baƙuncin gasarsa ta duniya a watan Satumba na 2023. Ɗan'uwansa bolin, wanda ya fi ƙarfi a Amurka, shi ne ya shahara da maɗaurin wuyan hannu mai ƙarfe a ciki, kuma mai kallonsa a talabijin zai iya zaton sirrin saiti yana cikin wannan maɗauri. Ni ina ganin saiti daga kafaɗa yake fitowa, maɗauri kuwa kayan jinya ne.

Mu fara da nauyi. Ƙwallon bolin yana kaiwa kilo 7.26, ana kuma mirgina shi tazarar mita 18 zuwa sanduna goma. Irin wannan nauyi yana lanƙwasa wuyan hannun ɗan koyo baya kafin ya saki, shi ya sa ake tallafa masa. Ƙwallon fetank kuwa giram 650 zuwa 800 ne, kusan kashi ɗaya cikin goma na wancan, ana jefa shi mita 6 zuwa 10 ƙafafu na kafe cikin da'ira. A nan tafin hannu ƙasa yake kallo, kuma lanƙwasar wuyan hannu lokacin saki ita ke sa ƙwallo juyawa da baya don ya tsaya kusa da inda ya sauka. Wanda ya ɗaure wannan gaɓa tamau ya raba kansa da birkinsa.

A duka wasannin biyu, abin da ke kai ƙwallo inda ake so shi ne hannu ya tafi baya ya dawo kamar lilo, a layi ɗaya, kusa da jiki, nauyin ƙwallo na jan sa ba tare da fizga ba. Lissafi ya nuna dalili: kaucewar digiri ɗaya tak a tazarar mita 10 tana zama kusan santimita 17, alhali faɗin ƙwallon fetank bai wuce santimita 8 ba. Idan gwiwar hannu ta buɗe ko kafaɗa ta karkace, babu maɗaurin da zai gyara wannan kuskure, domin sama da wuyan hannu aka yi shi.

Wani zai ce ai 'yan dambe ma suna naɗe hannu da kara. Gaskiya ne, amma su duka suke kaiwa, dunƙulen hannu suke buƙata, mai jifa kuwa yatsu sake yake so. Wani kuma zai kawo batun ciwo, kuma hujjarsa ta fi ƙarfi, don maimaita jifa yana iya kumbura jijiyoyin wuyan hannu, maɗauri kuma yana hutar da su. Sai dai ɗaurin da ya daɗe yana sa gaɓa ta sandare, tsoka ta yi rauni. Mai ciwo ya ga likita, ya ɗaura na ɗan lokaci, ya rage jifa. Mai lafiya kuwa ya ja layi a ƙasa, ya yi ta maimaita lilon hannu a kansa har ya daina kaucewa.