Gaskiya ko Jita-jita: Shin Littafi Yana Hana Yaro Wasa?

A gidaje da yawa na Gusau, Tsafe da Bunguɗu an raba yara gida biyu. Akwai "ɗan karatu" da ake yabo domin yana zaune wuri ɗaya, akwai kuma "ɗan yawo" da kullum ake kawo ƙararsa. Daga wannan rabon ne maganganu da dama suka samo asali. Ga biyar daga cikinsu a kan ma'auni.

"Yaron da ya saba da littafi ba ya son wasa."

Jita-jita. Tarihin littattafan yara na Hausa ma ya ƙaryata wannan. A farkon shekarun 1970 marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da jerin littattafai shida masu suna *Tatsuniyoyi da Wasanni*. Ya haɗa biyun cikin bango ɗaya domin haka ya same su a dandali: a yi tatsuniya bayan isha'i, in farin wata ya fito maza su tashi langa, mata su kafa gaɗa. Duk wanda ya taɓa karanta wa yara labarin Gizo ya san abin da ke biyo baya. Kafin a rufe littafin an raba matsayi, wannan Gizo, waccan Ƙoƙi, wane Kura, sai guje-guje ya kaure a tsakar gida.

"Wasa ɓata lokacin karatu ne."

Jita-jita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su riƙa samun kimanin minti 60 na motsa jiki mai sa haki a kullum. Ga 'yan shekara 3 zuwa 4 kuwa, ƙa'idojinta na 2019 sun ce minti 180 na motsi iri-iri, sannan idan yaro ya zauna, gara a karanta masa ko a ba shi labari da a miƙa masa waya. Wasannin namu ma darasi ne. Mai langa yana koyon tsayuwa daidai a ƙafa ɗaya, mai carafke tana haɗa ido da hannu tana ƙirga duwatsu, mai 'yar gala-gala tana lissafin gidaje. Ko ta fuskar addini, an ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha.

"Yawan karatu yana kashe ido."

Akwai ƙamshin gaskiya, amma an ɗora laifin inda bai dace ba. Yaron da ke daɗewa yana ƙura wa abu na kusa ido, littafi ne ko waya, kuma ba ya fita waje, ya fi shiga haɗarin kasa ganin abin da ke nesa. Abin da likitocin ido suka gano yana rage haɗarin shi ne zama cikin hasken waje. Shi ya sa a 2010 Taiwan ta fara ƙarfafa wa makarantunta fitar da yara waje na sa'a biyu a kullum, kuma an ga matsalar ta fara ja da baya. Saboda haka kada a ƙwace littafin. A shimfiɗa tabarma a gindin dogon-yaro a karanta, in an gama a tashi a zaga.

"Sai littafin Turanci mai tsada ne ke buɗe wa yaro ido."

Jita-jita. Yaro ba ya kwaikwayon labarin da bai fahimta ba. Tun 1937 *Magana Jari Ce* na Abubakar Imam yake hannun yaran Arewa, a 1949 kuma Imam da Rupert East suka fitar da *Ikon Allah*, wanda ya yi bayanin halittu iri-iri da Hausa. A zamaninmu, shirin RANA na UNICEF, da aka fara a Zamfara da Katsina a 2015, ya gina koyar da karatun ƙananan azuzuwa a kan Hausa, har da labaran da malami ke karanta wa aji a bayyane. Inda babu kuɗin saye, littafin rubutu ya isa: kaka ta ba da tatsuniya, yaya ya rubuta, ƙane ya zana.

"Da wannan halin tsaro, ina yaro zai je bincike?"

Rabinta gaskiya ce mai ɗaci. Ba uban kirki da zai tura yara su kaɗai Dutsen Kwatarkwashi, ko duwatsun Tsafe, ko bakin gulbi a Gusau, kuma ba a manta da rufe makarantun jihar Zamfara a 2021 ba. Sai dai bincike yana yiwuwa cikin katanga. An karanta labarin tururuwa? A bi layinsu a ga inda suke kai tsaba. An karanta na manomi? A shuka wake a gwangwani, a riƙa auna tsironsa da tsinke kowace safiya. A kafa sanda a tsakar gida, a yi wa inuwarta alama da hantsi, da azahar, da la'asar, yaro ya faɗi abin da ya lura.

Aikin iyaye da malamai a nan kaɗan ne. Idan aka kai ƙarshen labari, a tambayi yaro: "A ina za mu ga irin wannan a gidan nan?" Sannan a bar shi ya tashi ya nemo, ko da zai dawo da ƙura a riga.