Begen Zamanin Da a Majigi: Bayani a kan Fim ɗin "My Life So Far"

A cikin wasannin majigi na Turawa akwai wani iri wanda ke komawa da mai kallo zuwa ga ƙuruciyar wani yaro a babban gandu na ƙauye. Abin da ke jan hankalin mutane gare shi shi ne begen zamanin da ya shuɗe, wanda Turawa ke kira nostaljiya. Wani ɗalibin likitanci, Johannes Hofer, shi ya ƙago kalmar a 1688 daga kalmomi biyu na Girkanci, ɗaya ma'anarta komawa gida, ɗayar kuwa raɗaɗi. Da fari sunan ciwo ne, watau ciwon kewar gida. Daga baya ma'anarta ta tashi daga kewar wuri ta koma kewar lokaci. Manufar wannan takarda ita ce a nuna yadda ake gina wannan bege, da misalin fim guda.

Fim ɗin shi ne "My Life So Far", wanda Hugh Hudson ya ba da umarninsa, ya fito a 1999. An ɗauko labarin daga littafin tarihin ƙuruciyar Denis Forman mai suna "Son of Adam", na 1990. An haifi Forman a 1917, ya girma a gandun Craigielands kusa da garin Moffat a Sikotlan, ya shugabanci gidan talabijin na Granada, ya rasu a 2013. A cikin fim an sāke wa gandun suna zuwa Kiloran, an kuwa ɗauki hotunan a gidan Ardkinglas da ke bakin ruwan Loch Fyne.

Ga labarin a taƙaice. Fraser Pettigrew yaro ne ɗan shekara 10, a shekarun 1920. Gandun na kakarsa ce ta wajen uwa, wadda ake kira Gamma. Ubansa Edward, wanda Colin Firth ya fito a matsayinsa, mutum ne mai son ƙirƙire-ƙirƙire da wa'azi da kiɗan Beethoven, yana kuma da ma'aikatar sarrafa gansakukar fadama, irin wadda aka yi ta ɗaure raunukan soja da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ana nan sai kawun yaron, Morris, attajiri, ya zo da budurwar da zai aura, Bafaranshiya mai suna Heloise. Da yaron da ubansa duka sai hankalinsu ya koma kanta. Daga nan zaman gidan ya fara tsagewa.

To, babbar dabarar fim ɗin tana ga bakin da ke ba da labari. Yaron ne ke magana, amma manya ne ke kallo. Saboda haka kowane zance yana da fuska biyu: abin da yaron ya faɗa, da abin da mai kallo ya fahimta. Masu nazarin harshe sun bambanta sanin lafazin kalma da sanin muhallinta, watau gaban wa ake faɗinta, da yaushe, da abin da faɗin zai jawo. Fraser ya sami littattafan marigayi kakansa a ɓoye a ɗakin sama, ya kwashi kalmomin manya daga ciki, ba tare da sanin nauyinsu ba. Shi ya sa wata rana a wurin cin abinci, gaban baƙi, ya kawo zancen karuwanci kamar wata sana'a ce ta samun kuɗi mai kyau. Mai kallo yana dariya, amma a ƙarƙashin dariyar akwai kewar lokacin da shi ma bai san nauyin kalmomi ba. Ashe abin da ake bege ba gidan ba ne, rashin sanin nan ne na ƙuruciya, wanda in ya tafi ba ya komowa.

Amma fa wannan dabara tana da abin da take rufewa. Idon yaro ba ya ganin lissafi. A zamanin da labarin ya faru manyan gandayen Birtaniya suna cikin matsi. An kafa harajin gādo a 1894, a 1919 kuwa mafi tsananinsa ya kai kashi 40 cikin 100, ga kuma magada da yawa sun mutu a yaƙi, har aka yi ta sayar da filaye. Jayayyar Edward da Morris a kan wanda zai gaji Kiloran wani reshe ne na wannan al'amari, sai dai yaron yana ganinta kamar rashin jituwar surukai kawai. Haka nan barorin gidan, waɗanda aikinsu ya ɗauki nauyin wannan jin daɗi, galibi ana nuna su ne wajen raha, ba a bin labarin wahalarsu.

Duk da haka fim ɗin bai bar aljannarsa ta tsira ba. Gamma ta rufta cikin ƙanƙara wajen wasan tura duwatsu a kan tafki, ciwon da ta samu ya zama ajalinta. Gandun ya koma hannun Edward, amma asirinsa ya tonu gaban matarsa, girmansa ya ragu a idon ɗansa. A ƙarshe ga Fraser yana sauraron kiɗan jaz a garmaho, kiɗan da ubansa ya ƙi jini, yana shirin tafiya makarantar kwana.

Abin lura ga malaman da za su yi amfani da irin wannan fim, ko kowane littafin tarihin ƙuruciya, shi ne su koya wa ɗalibai tambayoyi biyu: wane ne ke ba da labarin, kuma mene ne shekarunsa suka hana shi gani? Wanda ya yi waɗannan tambayoyi zai ji daɗin labarin, ba kuwa zai ɗauki bege a matsayin tarihi ba.