Zuciya Mai Saurin Tafasa da Wuskin Leda

Akwai mutanen da zuciyarsu ba ta da birki. Kalma ɗaya daga miji ko uwa, sai baƙin ciki ya rufe su kamar an yi rasuwa; an jima kuma fushi, ga tsoron kada a guje su. Likitoci suna kiransa ciwon rashin daidaiton hali. A Briqueterie kuwa, taurin kai ake cewa, ko iskoki.

Masu shan giya a cikinsu, da yawa ba daɗi suke nema ba. Wuskin leda, da ake ɓoyewa a aljihu don kunyar unguwa, yakan kwantar da zuciya na ɗan lokaci. Amma barasa tana sa ɓangaren ƙwaƙwalwa mai cewa "dakata" ya yi barci. A lokacin ne wasu ke yanka jikinsu ko haɗiye ƙwayoyi. Gari ya waye, kunya ta ƙaru, a sake sha.

Iyaye, gori ba magani ba ne. Yawancinsu suna samun sauƙi ta hanyar zama da likita a kai a kai, amma giya tana jinkirta sauƙin. In ɗanku ya ambaci kashe kansa, ku ɓoye magunguna da wuƙaƙe, ku kai shi sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Jamot a ranar. Wanda hannunsa ke rawa da safe, kada ya yanke giya kwatsam ba likita: farfaɗiya na iya kama shi.